Hadari Ya Zama Abin Tsoro Ga Talakan Ɗan Iya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a cikin garin Bauci ya san yadda a ke tarbar hadarin farko. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, sai ka ga yara sun cika lungu suna tsalle, mata suna kwashe shanya suna jera bokitai a ƙarƙashin indararo, magidanta kuwa suna duban sama suna hamdala domin shuka ta zo. Har yanzu ana yin hamdalar. Amma a unguwanni irin su Ɗan Iya, yau idan hadari ya haɗu, kafin maigida ya tuna da gonarsa sai ya fara ɗaga kai ya dubi kwanon ɗakinsa, ya dubi tsagar da ke jikin katanga, sa'an nan ya yi lissafin ɗakin da za a kwashe yara a kai su idan abin ya yi tsanani.

'Yan Arewa masu neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12 cikin Ikko, da na Sabon Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, ba baƙin wannan labari ba ne. Ai su a kan buga wa waya da tsakar dare cikin watan Agusta a ce katanga ta zauna, ko rufi ya tafi, ko an kwantar da yaro a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, a taimaka a aiko da abin da ya samu. Dā takarda a ke ba direban babbar mota ya kai Kurmi, ta yi mako guda a hanya. Yanzu kuwa kafin ruwan ya ɗauke labari ya isa.

Mutanen Bauci ba su manta da ran Asabar 16 ga watan Yuni na 2018 ba, watau washegarin Ƙaramar Salla. Da maraice wata irin iska ta taso wa garin, ta yi ta yaye rufin gidaje da makarantu, tana tuge itatuwa, tana karya turakun lantarki. Aƙalla mutum takwas suka rasu, fiye da ɗari suka ji rauni, gidajen da suka lalace kuwa sun haura dubu. Abin ya kai har Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo Bauci jaje bayan 'yan kwanaki, ya haɗa da jajen gobarar kasuwar Azare wadda ta auku a makon. Iska ba ta zaɓi gidan kowa ba. Amma da gari ya waye aka ga bambanci. Mai hali ya kira kafinta ya sayi bandir na kwano, kafin mako ya kewayo ya koma ɗakinsa. Talaka kuwa tsohon kwanon da iska ta jefar ya bi ya tsinto, ya miƙe shi da guduma, ya ɗora, ya danne da duwatsu da tsohuwar taya, ya shiga damina a haka.

Ginin Jiya Da Ruwan Yau

Ɗan Iya ɗaya ce daga cikin gundumomin cikin garin Bauci, garin da Malam Yakubu ya kafa cikin 1809 ya kewaye shi da ganuwa. Sunanta daga sarauta ya samo asali, kamar maƙwabtanta su Makama da Majidaɗi da Ɗan Amar. Galibin mazauna irin waɗannan unguwanni masu abin hannu ne kaɗan: 'yan tireda, teloli, birkiloli, 'yan acaɓa da Keke Napep, mahauta, ƙananan ma'aikata, da mata masu sana'ar cikin gida. Da yawa daga cikinsu kuma suna da 'yar gona a bayan gari. Tun da Bauci ta zama hedkwatar jiha cikin 1976 jama'a ke ta ƙaruwa, har ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan rabin miliyan a ƙaramar hukumar. Gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya, yau an yayyanka shi magidanta huɗu ko biyar ke ciki.

To, a nan ne maganar gini ta shigo. Magabata da suka yi gini da ƙasa ba su yi wauta ba. Katangarsu mai kauri ce, rufin soro da azara ya kan tsare zafi, kowace shekara kuma kafin ruwa ya sauka a kan yi yaɓe, mai hali ya shafe da makuba. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin shi ya kan zama kududdufi, shi ke shanye ruwan unguwa idan an yi marka. Watau gari yana da wurin ajiye ruwansa. Da fili ya yi tsada sai aka bi kududdufai da yawa aka cike su da shara, aka yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan ya zo ya tarar an gine masauƙinsa, lambatu kuma ya toshe da leda da robar lemo, sai ya kwanta a gindin katangar maƙwabta. Katangar ƙasa ba daga sama ta ke mutuwa ba, daga gindi ne. Ta sha laima kwana biyu ko uku, sai dare ɗaya ta zauna, wani lokaci a kan mutanen da ke barci.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa sama laifin kome. Wanda ya zuba shara a kwata, da wanda ya sayar da filin kududdufi, da wanda ya sa hannu a takardar, duk suna da nasu kason. Amma kuma gaskiya ne ruwan kansa ya sake hali, kuma wannan ba zancen tsofaffi ba ne kaɗai.

Abin Da Masana Suka Gano

Garin Bauci ya kan sami ruwan sama kimanin inci 40 a shekara, watau milimita dubu ɗaya, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Dattawa sun san fuska ɗaya ta sauyin yanayi, ita ce fari. Sun ga na 1972 zuwa 1974 wanda ya karkashe shanu ya koro mutanen Nijar da Cadi zuwa garuruwan Nijeriya, sun kuma ga na 1983 da 1984. A tsakanin waɗannan shekaru ne Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 cikin shekarun 1960, ya janye har ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na yadda ya ke ba. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Sai dai bai dawo da halinsa na dā ba.

Cikin 2017 wasu masana a ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Christopher Taylor suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun bi hotunan da taurarin ɗan'adam suka ɗauka na shekara 35 tun daga 1982, suka tarar manya-manyan hadura masu tsananin iska da ruwa a yankin Sahel sun ninka har sau uku. Dalilin da suka bayar shi ne Hamadar Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuwa shi ke ƙara wa hadari ƙarfi. Garin Bauci yana kudu da Sahel, amma arewacin jihar, wajen Katagum da Gamawa da Zaki, yana bakinsa.

Asalin zafin kuwa hayaƙi ne. Gawayin ƙasa da man fetur da gas da a ke ƙonawa a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki na duniya, tun fiye da shekara 150, suna fitar da wata iska wadda ke taruwa a sama ta zama kamar bargo. Zafin rana ya shigo, amma ba ya samun fita duka. Iska mai zafi kuma ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa, shi ya sa idan ta tashi juye shi sai ta juye gaba ɗaya. Ruwan da dā a kan raba shi cikin mako biyu, yanzu sai ya sauka a dare ɗaya, sa'an nan a yi kwanaki sama ta bushe. Manomi ya san wannan ba ruwan albarka ba ne, domin gudu ya ke yi ya kwashe taki da ƙasar sama, ba ya tsayawa ya ratsa.

Cikin 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. Wata ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution ta bincika ruwan 2022 na yankin Tafkin Cadi, ta ce ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar samun irinsa kamar sau 80. Ran 10 ga Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. A ƙarshen Mayu na 2025 kuma aka wayi gari da na Mokwa, garin da duk direban da ke bin hanyar Ikko zuwa Arewa ya sani, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi a duniya.

Ɗakin Kwano A Watan Afrilu

Ambaliya a ke ɗauka hoto a sa a jarida, amma mai yiwuwa bazara ta fi ta cin mutane, sai dai a ɓoye ta ke yi. Cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Bauci ya kan taɓa digiri 40 a wasu ranaku. Wannan a inuwa ke nan. A ɗakin bulo mai rufin kwano wanda ba shi da silin, tagarsa ɗaya ƙarama, abin ya wuce haka nesa. Ga shi talaka ya bar soro ya koma kwano domin ya huta da yaɓen kowace shekara, ashe ya sayi tanda ne. Bulo ya kan sha rana tun safe, da dare ya riƙa amayar da ita. Maza su kan ja tabarma su fita ƙofar gida, amma mace mai jego da tsohuwa da jinjiri suna ciki, ko a tsakar gidan da aka gine har bai fi faɗin tabarma uku ba, bishiyar darbejiyar da ke ba shi inuwa kuma an sare ta an yi ɗaki a wurin.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, ya haɗu da wani zafi da ya game Afirka ta Yamma. A garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ran 3 ga Afrilu, asibitocin Bamako suka cika. Masanan nan da aka ambata suka ce in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, da zafin bai kai haka ba. Wanda ya yi wannan azumi a cikin garin Bauci ba ya bukatar a ba shi labari. Ƙanƙarar buɗa baki ta zama abin rububi, wutar NEPA, kamar yadda har yau a ke kiranta, sai ta zo ta tafi, fetur na janareta kuwa tun da aka janye tallafinsa ran 29 ga Mayu na 2023 ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Mai hali ya kafa sola ya kunna fanka. Talaka ya jiƙa zane ya lulluɓa.

A duba kuma su wa ke cikin rana. Lebura mai kwaɓa siminti, da ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, da ɗan acaɓa, da mai tura kurar ruwa, da yarinya mai talla, duk ba su da albashin wata. Ranar da ba su fita ba, ranar ba a ɗora tukunya ba. Idan zafi ya tilasta musu zama daga azahar zuwa la'asar, rabin abincin yini ne ya tafi. Idan kuma suka ƙi zama, jiki ya biya. Tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari da ya faɗi cikin irin wannan yanayi, cewa a kan yi kwana ne ya ƙare, haka ne kuwa, amma babu mai rubuta zafi a matsayin sanadi. Lokacin ne kuma na sanƙarau, ciwon da ke son busasshiyar iska da ƙura da ɗakin da mutane suka cunkushe. A farkon 2024 Bauci tana cikin jihohin da ya ɓulla, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafinsa mai maganin iri biyar.

Ruwan sha ma a bazara ya ke nuna wa talaka iyakarsa. Famfon garin Bauci daga madatsar Gubi ya ke zuwa, an kuma yi aikin gyara shi da faɗaɗa shi da rancen Bankin Duniya. Amma ba kowane lungu bututu ya shiga ba, ba kuma kowane gida ke da tankin ajiya ba. Idan rijiyoyi suka ja baya sai a koma ga 'yan ga-ruwa, kuɗin jarka kuwa tashi ya ke yi daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wanda ya haƙa burtsatse a gidansa sau ɗaya ya biya. Wanda ke sayen jarka kullum biya ya ke yi, in an tara kuwa shi ya fi sayen ruwa da tsada.

Rijiya Da Masai

Da ruwa ya sauka sai matsalar ta juya. A gidan da aka yayyanka, tsakanin rijiya da masai sau da yawa bai fi taku kaɗan ba. Idan aka yi ruwa mai yawa ƙasa ta ƙoshi, masai ya cika ya tumbatsa, ko ya tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ke cikinsa sai ya sadu da ruwan da a ke sha. Daga nan amai da gudawa ke tashi. Cikin 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa fiye da mutum dubu ɗari da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Bauci kuwa ita ce kan gaba wajen yawan waɗanda suka kamu.

Kwalara ciwo ne mai arhar magani in an yi hanzari: ruwan gishiri da sukari tun daga gida, sa'an nan a garzaya asibiti. Amma tana iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya. Gidan da ba su da kuɗin mota, su kan jira gari ya waye ko a jira wanda ke Kurmi ya turo wani abu, jiran nan kuwa shi ne ajalin da yawa. Bayan ta ga zazzaɓin cizon sauro, wanda duk kwatar da ruwa ya kwanta gidan haya ce gare shi. Kuɗin da aka tara don taki ko don makarantar yara, a kantin magani ya kan ƙare.

Daga Gona Zuwa Mudu

Mutumin Ɗan Iya ɗan birni ne, amma cikinsa a ƙauye ya ke. Dā manomi ya kan dubi taurari da tofon itatuwa da zuwan shamuwa ya san shuka ta kusa. Yanzu sai a yi ruwa mai kyau a farkon Mayu, kowa ya fita ya zuba irinsa, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Mai hali ya sake sayen iri ya shuka. Wanda ya zuba ɗan abin da ya rage masa a rumbu, sai bashi. In kuwa ruwa ya yi gardama a ƙarshe, ya ɗauke dawa tana cikin bununi, ko ya zarce ya ruɓar da wake da gyaɗa a gona, wahalar shekara ta tafi a banza. Masu shinkafa a fadamun Jama'are da Zaki kuwa kogi ne ke hawowa ya shafe su.

Duk wannan a bakin mudu ya ke bayyana. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A yi adalci, ba yanayi ne kaɗai ya jawo wannan ba. Janye tallafin mai, da faɗuwar darajar Naira, da 'yan bindiga da suka hana noma a wurare da yawa, su ne manyan dalilai. Amma yanayi ya zo ya hau kansu ne, kamar a ɗora wa jakin da ya riga ya gaji ƙarin mangala. Cikin 2025 farashin hatsi ya sauko, mai saye ya ɗan numfasa, sai kuma kuka ya koma wajen manomi wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da arha. Mai albashi babba idan abinci ya yi tsada nama ya ke ragewa. Wanda kusan duk abin da ya samu a ciki ya ke ƙarewa, cin rana ya ke yankewa.

Hanya ma tana cikin lissafi. Cikin Agusta na 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Cikin Oktoba na 2022 kogin Kwara da Binuwai suka hau kan titi a Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere, da na shanu da na tumatir da na mai. Fataken Mile 12 da na Bodija sun san abin da aka yi hasara. Watau abin da ya taɓa gonar Bauci ya kan iso teburin mai kayan miya a Ikko, abin da ya hana ɗan Kurmi ciniki kuma ya kan iso tukunyar uwarsa a Ɗan Iya.

Akwai wata magana da a ke yawan yi, wai talaka ne ke jawo hamada domin shi ke ƙona itace da gawayi. Lalle dazuzzukan jihar, irin su na Lame-Burra, suna shan gatari, kuma duk mai bin hanyoyin shiga Bauci ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Amma a tambayi matar da ke hura murhu me aka ba ta ta ƙi. Kananzir, wanda dā shi ne man talaka, cikin 2024 ya fi fetur tsada. Tukunyar gas da abin da a ke zuba mata ba na mai cin yau da ƙyar ba ne. Gawayin ma ba duka a murhun talaka ya ke ƙarewa ba, tirela-tirela a ke lodinsa zuwa manyan birane. Hana sara ba tare da an ba mutane abin girki ba, tsadar gawayi kawai zai ƙara.

Alkawarin Manya

Cikin Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kamar abinci da lafiya da ilmi da muhalli, miliyan 86 daga cikinsu kuma a Arewa su ke. Waɗannan mutane ba su da masana'anta, galibinsu ko mota ba su da ita. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sin da Amurka da ƙasashen Turai su ke da kaso mafi tsoka. Wani ya ci, wani ke wanke kwano.

Taro kam ana yi. A na Masar cikin 2022 aka amince a kafa asusun biyan hasarar da ƙasashe matalauta ke yi. A na Baku cikin 2024 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 300 kowace shekara kafin 2035, ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya, suka ce ya yi kaɗan. A gida kuma akwai dokar sauyin yanayi ta 2021, akwai shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Bauci ke cikin jihohi goma sha ɗaya da ya shafa, akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ba a ce ba a yin kome ba. Sai dai abin da mai rusasshiyar katanga ya saba gani shi ne a zo a rubuta sunansa, bayan wani lokaci in ya yi sa'a a ba shi buhun hatsi da tabarma da 'yan fallayen kwano. Lambatu mai zurfi da zai hana ruwan kwanciya tun farko, da motar kwasar shara mai zuwa a kan kari, da famfo a lungu, su ne abin da zai rage zuwan masu rubuta suna.

Kafin nan, babban asusun agajin Ɗan Iya yana Kurmi. Shi ne ɗan da ke gadi a Ikoyi, da mai shayi a Ojota, da mai yankan farce, da mai sayar da goro a Shagamu, da ɗan acaɓan da tun da Jihar Ikko ta hana sana'arsa a manyan yankuna cikin Yuni na 2022 ya ke ɓuya a lunguna. Da yawansu dā 'yan ci-rani ne, ruwa na sauka su koma gida su yi noma. Yanzu wasu sun daina komawa, domin gonar ba ta da tabbas, sun gwammace su aika da kuɗin ƙwadago. Su ma ba tsira suka yi ba, gama unguwannin da baƙo ke iya biyan haya a Ikko su ne waɗanda ruwa ke fara shiga.

Abin lura ga masu aike shi ne lokaci. Hukumar NiMet mai duba yanayi ta kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da fassarar Hausa, ta faɗi lokacin da a ke sa ran ruwa zai kankama a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarsa, da inda a ke tsoron fari a tsakiya. Malaman gona na jihar suna da labarin iri mai saurin nuna, kamar geron Sosat da irin masara da dawa da wake na cibiyar bincike ta Samaru a Zariya. Kuɗin da ya iso gida cikin Maris ko Afrilu shi ke sayen wannan iri, ya sayi buhun siminti a ɗaure gindin katanga, a ƙara wa rufi ƙusa, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, matasan lungu su yi gayya su yashe kwata. Wanda ya iso cikin Agusta kuwa, ko ya ninka wancan, a asibiti da wurin masu bin bashi ya kan tsaya. Ga shi kuma ba a ginin ƙasa cikin marka. Wanda katangarsa ta faɗi a Agusta, zana ko tsofaffin buhuna zai kafa ya tsare mutuncin iyalinsa, har ruwa ya ɗauke a Oktoba magini ya sami busasshen tubali.